INJIN NIƘA: HAƘORANSHI DA KIWONSHI

Dogarawa tana bakin babbar hanya mai kwalta, tsakanin Malbaza da Galmi. Can da ƙasar tana cikin gundumar Birnin Ƙonni. Tun 2011 ta koma cikin gundumar Malbaza. Mutanenta manoma ne. Da damana suna noma hatsi da dawa da wake. Da rani suna noma albasa, wadda sunanta ya kai har ƙasashen waje.

Inji ya daɗe da shigowa wagga ƙasa. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza. Cikin garake injin ban ruwa ya karɓi aikin guga. Cikin gari kuma injin niƙa ya rage ma mata wahalar turmi da dutsen niƙa.

Amma ranar da injin niƙa ya tsaya, gari duka shina ji a jika. Mata su koma ma taɓarya, ko su aiki yara wani ƙauye da ƙwarya bisa kai. Tuwon dare shi makara. Mai inji kuwa, in bashi ya ci ya sayi injin, mai bashi ba shi jiran a gama gyara.

Wanga darasi shina magana bisa abu uku: haƙoran inji, hanyar wasa su, da kiwon inji na kullum.

1. YAYA INJI KE NIƘA?

Cikin injin niƙa akwai faranti biyu na ƙarfe. Su ne ke yin aikin da dutsen niƙa da ɗanshi ke yi. Faranti guda shina tsaye, ba shi motsi. Guda kuma shina juyawa. Hatsi shina sauka daga kwanon inji, shi faɗa tsakiyar farantan.

Fuskar kowane faranti tana da zane-zane kamar kunyoyin gona. Akwai kwari, akwai tudu. Su ne haƙoran inji. Wajen tsakiya kwarin ya fi faɗi da zurfi, don shi karɓi ƙwaya shi fasa ta. Wajen baki kwarin ya fi ƙanƙanta, don shi mai da tsaki gari. Zanen ba shi miƙe sak ba, shina da ɗan karkata. In farantan biyu sunka fuskanci juna, haƙoran suna gittawa kamar almakashi. Hakanan suke yanka ƙwaya, suna tura gari waje.

Akwai kuma abin murɗawa a gefen inji. Da shi ake matse farantan, ko a sassauta su. In anka matse, gari shi yi laushi. In anka sassauta, shi fito da tsaki.

2. HAƘORA SUNA CINYEWA

Tsofaffin mata sun san dutsen niƙa shina sulɓi. In ya yi sulɓi sai a ɗauko makoɗi a koɗa shi. Farantin inji ma haka shike. Yau da gobe haƙoranshi suna cinyewa.

Ga alamun da ke nuna haƙora sun mutu:

- Gari shina fitowa da zafi ƙwarai, har shi yi ƙauri.
- Tiya guda tana ɗaukar lokacin da tiya biyu ke ɗauka.
- Sai an mai da gari cikin inji sau uku ko sau huɗu kafin shi yi laushi.
- Inji shina nishi, shina fid da baƙin hayaƙi, shina shan gazuwal fiye da kullum.
- Farin gari shina fitowa da duhu-duhu kamar an zuba mashi toka.

Mai inji da ya ga haka, sau da yawa sai shi ƙara matse farantan. Nan kuskure shike. In anka matse su har sunka haɗu, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Garin ƙarfen da ya goge kuwa ba shi zuwa ko'ina sai cikin garin tuwo. Masu bincike a Gana da Nijeriya sun auna garin da irin wanga inji ya niƙa, sun iske ƙarfe ciki. Abin da ya shiga gari ya shiga tuwo da fura da kunun yara.

Kowa na iya gwadawa. A samo mayen ƙarfe, a sa shi cikin farin ƙyalle, a yi ta ja da shi cikin gari. In ƙyallen ya fito da baƙin gari manne da shi, to inji shina cin kanshi.

3. MAKAMIN WASA

Yanzu ba da makoɗi ake koɗa farantin inji ba. Da ɗan injin wasa na hannu ake yi, irin wanda masu walda ke aiki da shi. Bakinshi akwai dutse mai kama da faifai, mai juyawa da sauri ƙwarai. Wanga dutse shi ne makami. In makami ba shi da kyau, aiki ba shi kyau.

Kafin a ɗaura dutse:

- A duba shi gaba da baya. In ya tsage, ko bakinshi ya ɓare, a yar da shi. Dutsen da ya tsage shina tarwatsewa cikin aiki, ɓarɓashinshi shi fita kamar harsashi.
- A karanta lambar da ke bisa dutsen. Tana faɗin iyakar juyin da shike ɗauka cikin minti guda. A karanta kuma lambar da ke jikin injin wasa. Tilas lambar dutse ta kai ta inji, ko ta fi ta. In ta gaza, kada a ɗaura shi.
- Wasu duwatsu suna da wata da shekara rubuce bisa zoben tsakiya. In lokacin ya wuce, dutsen ya tsufa.
- Dutsen yanka dabam, dutsen goga dabam. Na yanka siriri ne. Da bakinshi ake aiki. In anka danna shi ta gefe, shina karyewa.
- A aje dutse wuri busasshe. Laima tana ɓata shi.

Nan amfanin karatu shike. Wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci shina iya karanta lambobin ga da kanshi, ba sai mai kanti ya faɗa mashi ba.

Mai wasa shi sa tabarau na aiki. Shi ɗaura ƙyalle bisa hanci da baki. Kada shi cire marfin da ke kāre dutsen. In ya ɗaura sabon dutse, shi bar shi shi juya banza kamar minti guda, shi kau da fuskarshi gefe. A kori yara daga wurin. In garin ƙarfe ya faɗa ma mutum ido, kada shi murza, kada a sa mashi tsinke. A rufe idon da ƙyalle mai tsabta, a kai shi likita nan take. Asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, ba shi da nisa da Dogarawa.

4. HANYAR DA MAKAMI KE BI

Makami mai kyau bai isa ba. Sai an san inda za shi fara, da inda za shi bi, da inda za shi tsaya. Manomi ba shi huɗar gona shina tsallake-tsallake. Kunya kunya shike bi. Mai wasa ma haka.

Na ɗaya: a wanke faranti, a kankare garin da ya bushe cikin kwari, a bari shi bushe.

Na biyu: a ɗaure faranti bisa tebur ko gungume, kada shi motsa. Ba a riƙe faranti da ƙafa.

Na uku: a ƙidaya kwaruruwan, a bi su da alli. Tsohon zane shi ne hanya. Kada a ƙara, kada a rage, kada a sake mashi karkata. In anka juya karkatar, inji ba shi tura gari waje yadda ya kamata. Sai gari shi taru ciki shi ƙone.

Na huɗu: a fara daga tsakiya a nufi baki. Wajen tsakiya a ɗan zurfafa. In anka kusa baki a sassauta hannu.

Na biyar: kada a nemi gama kwari da bi guda. A bi shi sau biyu ko sau uku, kaɗan kaɗan. Bi na farko shi buɗe hanya. Bi na ƙarshe shi gyara bakin haƙori. Sannu ba ta hana zuwa.

Na shida: kada a tsaya wuri guda. In anka yi kwari guda nan, a juya faranti a yi wanda ke fuskantarshi. Haka zafi ba shi taruwa gefe guda. Farantin inji ƙarfen zubi ne, shina da gautsi. In ya yi zafi a bar shi shi huce da kanshi. Kada a watsa mashi ruwan sanyi, don shina tsagewa.

Na bakwai: kada a taɓa kan tudu sai in ya zama tilas. In anka gama, a aza miƙaƙƙen ƙarfe bisa fuskar faranti, a duba ta ƙarƙashi. In haske shina wucewa gefe guda, faranti ya karkace. Karkataccen faranti shina cin abokinshi gefe guda, gefe guda kuma shi bar tsaki shi wuce.

Na takwas: a wasa farantan biyu tare. Sabon haƙori da mataccen haƙori ba su aiki tare.

In anka mai da farantan cikin inji, a ɗaure ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, wagga sannan mai fuskantarta, kaɗan kaɗan, har su ɗauru daidai. Sannan a zuba dusa ko hatsin da ya lalace, a niƙa, a zubar. Shi ne ke ɗebe garin ƙarfe da na dutse da ya saura. Kada a fara da hatsin mutane.

Kowane wasa shina rage kaurin faranti. In ya yi siriri, ko ya tsage, a sayi sabo. Walda ba ta riƙe shi ƙwarai. Farantin da ya fashe cikin aiki shina iya fasa gidanshi, shi ji ma mutum ciwo. Araha ba ta ado.

5. KIWON INJI

Mai jaki ba shi aza mashi kaya sai ya duba bayanshi. Mai inji ma shina da abin dubawa.

Kowace safiya, kafin a tada inji:

- A zaro sandar awon mai. Baƙin mai shi tsaya tsakanin zane biyu. In ya gaza a ƙara. Kada a wuce zane na bisa.
- A duba ruwan tano. Injin da ruwa ke sanyaya shi, in ya rasa ruwa, shina ƙonewa.
- A danna bel da babban yatsa a tsakiya. Shi lotsa kamar faɗin yatsa guda. In ya yi sako-sako shina sulɓewa, ƙarfin inji shi tafi banza. In ya matse ƙwarai shina kashe boris.
- A duba ƙusoshin gindin inji. Rawar inji tana kwance su.
- A sassauta farantan. Ba a tada inji farantai suna haɗe. Sai hatsi ya fara sauka sannan a matse sannu sannu. In hatsi ya kusa ƙarewa a sassauta kuma.

Kowane mako:

- A wanke matatar iska, ko a kakkaɓe ta. Da hunturu da bazara ƙura ta yi yawa ƙasar Adar, ga kuma ƙurar gari cikin ɗaki. Ƙurar da ta shiga cikin inji tana goge shi kamar rairayi. Lokacin ƙura a duba matatar kowane kwana biyu.
- A sa giris cikin boris. A sa daidai, don in ya yi yawa shi ma shina kawo zafi. A goge wanda ya fito, kada shi kai ga gari.
- A aza hannu bisa gidan boris bayan an kashe inji. In hannu bai iya tsayawa ba, boris ya kusa mutuwa.

Sakin baƙin mai kuwa da awa ake lissafa shi, ba da wata ba. Littafin da ya zo da inji shina faɗin awa nawa. Ga ƙananan injunan gazuwal da yawa, tsakanin awa 100 ne da awa 250. A zubar da tsohon mai inji shina da ɗumi, don datti shi fita tare da shi.

Gazuwal ma a lura da shi. Wajen Ƙonni da bakin iyaka ana sai da mai cikin kwalabe da jarkoki. Wani lokaci akwai ruwa ko datti ciki. A bar shi shi kwana cikin jarka, datti shi kwanta. A tace shi da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba na gindin jarka.

Bututun hayaƙi shi fita bayan ɗaki. Hayaƙin inji cikin rufaffen ɗaki shina kisa. Mai inji kada shi sa babbar riga wurin aiki. Mata su tsaya nesa da bel, don shina fizge gyale da bakin zane. Ba a tura hatsi da yatsa. Ba a gyara inji shina tafiya. Mai injin lantarki shi kashe wuta kafin shi buɗe shi.

In anka yi markaɗen wake ko tattasai, a buɗe inji a wanke, a bari shi bushe. In ba haka ba tsatsa ta kama haƙora, abin da ya kwana ciki kuma shi yi tsami.

6. MATA MA SUNA DA NASU AIKI

Tsakuwa guda tana ɓare haƙori. Ƙusa guda tana fasa faranti. Mace ta tsince hatsinta, ta rege shi, kafin ta kai inji. In ta wanke surfe, ta baza shi shi sha iska. Jiƙaƙƙen hatsi shina toshe kwari. Mai inji shi ɗaura mayen ƙarfe a maƙogwaron kwano, shi riƙa goge shi kullum.

Inda inji na ƙungiyar mata ne, su zaɓi mai riƙon kuɗɗi da mai rubutu. Kowace rana a ware kuɗɗin gyara, kada a haɗa su da riba.

7. IN ABIN YA FI ƘARFIN MAI INJI

Sandar ƙarfen da ke juya faranti ita ma tana cinyewa wurin da boris ke zama. In ta cinye, faranti shi riƙa rawa. Wanga aiki na mai tur ne, wato mai injin sassaƙa ƙarfe. Injinshi shina juya sandar, wuƙa kuma tana tsaye tana fere ta.

Mai tur na kirki ba shi fara yanka sai ya auna. Shikan fere da yawa da farko, sannan shi bi da ɗan kaɗan a ƙarshe, shi sake aunawa. Shi ma hanyarshi ke nan: bi na farko da bi na ƙarshe. Wanda za shi wurin mai tur shi tafi da sandar, da sabon boris, da lambar inji rubuce. Kada shi ce a yi mashi da ido. Abin da anka fere ya tafi, ba shi komowa.

8. INJIN DA KWAMFUTA KE TUƘAWA

Cikin manyan ma'aikatu akwai injin sassaƙa ƙarfe da ba hannun mutum ke jan wuƙarshi ba. Ana ce mashi CNC. A 1952 anka nuna irinshi na farko a wata babbar makaranta ta Amurka da ake kira MIT. Lokacin, takarda mai huji-huji ce ke ba shi umurni. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin.

Ma'aikaci shina rubuta ma injin lambobi: je dama milimita kaza, je gaba milimita kaza, sauka milimita kaza, juya da sauri kaza. Inji shi bi. Shina iya kiyaye awo har kashi 1 cikin 100 na milimita. Shina yin abu dubu, duka iri ɗaya.

Amma shi ma doka uku ɗin nan ce ke riƙe da shi. In wuƙa ta dushe, aiki shi ɓaci, don haka ana sake ta kafin ta karye. In anka rubuta hanya ba daidai ba, inji ba shi tambaya, sai shi kai ma ƙarfe karo. Shi ya sa ake fara gwada sabuwar hanya cikin iska, wuƙa ba ta taɓa komi. Kullum kuma ana share ɓarɓashi, a duba mai, a duba ruwan da ke sanyaya wuƙa. Yaron da ya koyi awo da lissafi da tsabta wurin injin niƙa, ya kama hanyar koyon wancan.

9. KAYEN INJI

Mai inji shi sayi kaye guda, shi ja layi huɗu: rana, awa nawa inji ya yi, lita nawa ya sha, gyaran da anka yi. In gazuwal ya fara ƙaruwa alhali aiki bai ƙaru ba, kaye za shi nuna. Sai a duba haƙora da matata tun inji bai tsaya ba. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Mi ya sa ba a tada inji farantai suna haɗe?
2. Yaya ake gane akwai ƙarfe cikin gari?
3. Wace lamba ake karantawa bisa dutsen wasa?
4. Mi ake fara niƙawa bayan an wasa haƙora?

LISSAFI

1. Inji shina aiki awa 5 kowace rana. Littafinshi ya ce a sake baƙin mai bayan awa 100. Bayan kwana nawa za a sake shi?
2. Ƙungiyar mata tana aje dala 100 kowace rana don gyara. Dala nawa za ta tara cikin kwana 30? Dala 200 ita ce jika 1. Jika nawa ke nan?

Wanda ya iya karatu shi karanta ma mai injin garinsu wanga darasi. Malamin makaranta kuma shi kai ɗalibai wurin inji ranar da ake wasa haƙora, su tsaya nesa su ga aikin da idonsu.